Farar Riga da Buhun Gawayi

Zauna, Tanimu, ka daina sunkuyar da kai. Ba faɗa zan yi maka ba, ƙarfin faɗan ma ya ƙare mini. Yanzu na dawo daga gidan Malam Ɗanjuma, na ga ɗinkin da aka yi wa 'yarsa a haɓa, na ba da haƙuri har bakina ya bushe. Ka kwana gadin sito, gari na wayewa ka hau adaidaita sahu ka ɗebi 'yan makaranta, gyangyaɗi ya kai ku cikin kwata. Allah ya taƙaita, amma ni gwaggonka na tsufa da irin wannan fargaba. Bari in ba ka wani misali, in ya so ka tashi.

An yi wani mai wanki da guga, ba shi da wurin sana'a sai ɗan fili a ƙofar gidansa, da igiyar shanya da randa. Da yake da gawayi yake guga, yakan sayo buhu guda, maƙwabta su zo a tsakura musu, a hankali sayar da gawayi ya zame masa sana'a ta biyu. Ga farin kaya, ga baƙin gawayi, wuri kuma ɗaya. Sai ya raba musu yini. Safiya ta wanki ce da shanya. In la'asar ta yi ya ninke kaya ya rufe a ɗaki, sannan ya kwance bakin buhu. Kafin rana ta fito ya share filin ya yayyafa ruwa, don kada tufafi su tarar da ƙura. Ya saba har ba ya jiran carar zakara, ko ranar da hadari ya rufe gabas jikinsa ne ke tashinsa. Shekara da shekaru ana haka, ba wanda ya taɓa kuka da shi.

Sai ya fara lura da masu zuwa neman gawayi da hantsi suna komawa da kwanonsu wayam. Abin ya tsaya masa a rai, ya ce ina amfanin korar ciniki alhali hannu biyu gare shi. Ran nan wani saurayi ya kawo masa farar rigar mahaifinsa marigayi, ita kaɗai ya gada, da ita yake so ya je ɗaurin aurensa washegari. Ya wanke ta tas, ya sa sitaci, ya shanya. Tana cikin ɗiga wata mata ta zo da kwano, gogan naka ya kwance buhu ya zazzage. Iska kuwa ina ruwanta da rigar ango. Ƙura ta tashi ta bi danshin sitaci ta zauna daram. Ya sake wankewa a gurguje, ruwan wankin ya gangara ƙarƙashin buhu. Riga ta fito ruwan toka, gawayi ya jiƙe ya ƙi kamawa, dutsen guga ma ya rasa wutar da za a zuba masa. Saurayin ya zo, ya ɗaga rigar ya daɗe yana kallonta, ya naɗe abarsa ya tafi. Da zaginsa ya yi, da ya fi wa mai wankin sauƙi. Ba a jima ba masu kawo wanki suka canza wuri, masu sayen gawayi ma haka.

A shekarun da na yi ina shaƙar ƙurar alli ina koyar da kimiyya, wannan mutumin nake tunawa duk sanda muka zo kan koren nan da ke kwanciya a saman kududdufi. A cikinsa akwai wasu bakteriya, ƙananan halittu da ido ba ya iya ware ɗayarsu. Wasunsu haka suke, ɗaki ɗaya, aiki biyu. Da rana suna haɗa abinci da haske, suna fitar da iskar da muke shaƙa. Ɗaya aikin shi ne kamo wani sinadari daga iska, irin wanda manomi ke nema a buhun taki. To, iskar da aikin farko ke fitarwa ita ke lalata kayan aiki na biyu, shi ya sa suka bar aiki na biyun sai dare. Kuma ba sa jira sai sun ga duhu ko haske. Agogo gare su a jiki, wasu sinadarai da ke juyi su dawo inda suka faro a kwana guda, ko da an ajiye su inda fitila ba ta mutuwa. Masana sun taɓa zuba masu agogon da ya dace da rana da waɗanda nasu ya saɓa mata a kwalba ɗaya, masu daidai suka mamaye wurin. Masanan suna ganin haka abin ya faro tun duniya na ɗanya, wanda ya shirya kafin rana ta fito ya yaɗu, wanda ya hautsina lokutansa aka neme shi aka rasa.

Abin da ba shi da kai ba shi da ido ya san dare daban, rana daban. Kai da Allah ya ba kai, ka ce jikinka ya kwana a tsaye ya kuma wuni a kan titi. Na san hidimar gida ta yi maka yawa, ba sai ka faɗa mini ba, ina ganin yadda ka rame, kuma wallahi ina tausayinka. Amma abin da ke kan taka igiyar, 'ya'yan mutane ne, su kuwa ba a sake wanke su. Makullai biyu ne a aljihunka, tun shigowarka nake jin ƙararsu. Ka ajiye mini ɗaya a kan tabarmar nan kafin ka fita, ko na sito ko na adaidaita, ni ban zaɓar maka ba. Hausawa dai sun riga sun faɗa, taura biyu ba ta taunuwa.