Ludayin Gwanjo

"Yaron zan riƙe. Tsohon ya koma gwanjo," na ce, na buga ludayin katako a kan tebur.

Kantin shan kofi ya yi tsit. A gasarmu ta nan Bari, inda muke sayen 'yan ƙwallon talabijin da fatar baki, mu ci maki da ƙwallayen da suka ci, al'ada ta ba kowa damar riƙe ɗan wasa ɗaya kafin gwanjon shekara. Tun da aka kafa ta, ludayin shugabanci bai bar hannuna ba, kuma duk hukuncin da na yanke, shi ne dokar gobe.

"Haba, ranka ya daɗe! Tsohon da ya sha ciwo maka gasa?" in ji mai aski.

"Ba tarihi muke saye ba. Wanda gwiwarsa ta ƙare, ya ba yaro wuri."

"Wannan ma doka ce, Baba?" mijin 'yata ya tambaya cikin ladabi.

"Daga yau."

Sai ya miƙo hannu wajen ludayin.

Na yunƙura zan miƙe in koya masa hankali. Gwiwata ta yi ƙaras, har mutanen bakin ƙofa suka waiwayo.

Mai aski ya cire hularsa.

"Jama'a, kun dai ji shaida."