Hatimin Wanda Aka Kayar

"To, ita jam'iyyar da aka kayar, ya ta ƙare?" matarsa ta tambaya tana zuba masa shayi.

Malamin tarihin ya gyara zama. Yau zai karantar da ɗalibansa na birnin Doha labarin jam'iyyun juyin juya halin ƙasar Sin guda biyu, waɗanda suka haɗa kai suka kori maƙiyi, sannan suka far wa juna.

"Hatimin ƙasa ta ɗauke ta tsallaka zuwa wani tsibiri, shekara da shekaru tana cewa ita ce gwamnati. Taurin kai sai ka ce jaki!"

"Allah sarki," ta ce.

Ta buɗe durowa, ta ajiye masa hatimin ƙungiyar 'yan garinsu kusa da kofi. Shekara uku ke nan da amininsa ya kayar da shi a zaɓen shugaban ƙungiyar.

"Malam, za ka mayar musu, ko in nemo maka tsibiri?"