Gwangwanin da Kowa Ya Ƙi Ɗauka

Shekarar da council, wato ƙaramar hukuma, ta sallami Baba daga aiki, Mama ta fara zuwa food bank na cocinmu a unguwar Whalley Range, inda ake raba kayan abinci kyauta. Wani yammaci ta dawo da taliya da ɗan gwangwanin anchovies, ƙananan kifin nan masu gishiri, wanda kowa ya ƙi ɗauka.

Na toshe hanci. "Mama, wari yake yi!"

Ta shinshina, ta yi dariya. "Daddawa fa? Miƙo min tafarnuwa."

Ta soya kifin har ya narke cikin mai, ta barbaɗa barkono, ta juye taliyar a kai. Baba, da ya kwana biyu yana ture abinci, sai ga shi yana neman ƙari.

Sai da na girma ta gaya min cewa a ranar ne ta fara ganin anchovies a rayuwarta.