Maɓallin Ƙarƙashin Kanta

Tun da aka binne Mama a Siaya, Owiti bai sake taɓa 'yar kwamfutar ba. Tana nan manne a bango, ba ta fi tafin hannu ba, ƙura ta rufe wayoyinta.

Shi ya haɗa ta, bayan shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Mama. Karatunsa a aji biyu na sakandare ya tsaya, amma ya koyi rubuta wa kwamfutar umarni a wayar salula, tsakanin fasinja da fasinja a aikinsa na babur ɗin haya. Kwamfutar na da ƙananan ƙafafun ƙarfe masu lamba, inda ake jona wayoyi; ƙafa ta sha bakwai na sauraron maɓallin da ke gefen matashin Mama. Da ta danna, ƙafa ta ashirin da biyu za ta kaɗa ƙararrawa a shagon yayansa Okumu, taku ashirin daga ɗakin.

"Injiniya," in ji Okumu a makon farko, yana rage muryar rediyo, "abin nan naka ko ƙwallo ba ya barin mutum ya ji. Sa min abin kashewa in na amsa."

Ya sa masa maɓalli a ƙarƙashin kantar shagon, ya jona shi da ƙafa ta ashirin da bakwai.

Ranar Asabar ɗin, Owiti na kan babur a unguwar Kondele, asma ta taso wa Mama. Maganin shaƙarta na kan tebur, inda hannunta ba ya kaiwa.

"Ko ƙis ban ji ba," Okumu ya gaya wa dangi, yana sharar hawaye. "Tun safe ina shago. Na sha gaya masa tarkacen nan ba abin dogara ba ne."

Ba wanda ya zagi Owiti. Sun dai daina kallonsa in ana miƙa kwanon tuwon ugali. Okumu kaɗai ke dafa masa kafaɗa: "Ka yafe wa kanka, ƙanena."

Wata biyu tambaya ɗaya na cinsa: wane layin umarni ya rubuta ba daidai ba? Ran nan ya goge ƙurar, ya buɗe bayanan da kwamfutar ke ajiyewa duk sanda aka taɓa wata ƙafa, don ya ga da idonsa inda ya kashe mahaifiyarsa.

Asabar, biyar da minti huɗu na yamma. Ƙafa ta sha bakwai, sau tara, tazarar na ƙaruwa kamar numfashi mai ƙarewa. Ƙararrawar ta kaɗa duka tara.

Bayan kowace ɗaya, cikin daƙiƙa biyu, wani ya danna ƙafa ta ashirin da bakwai.