Ƙirjin Aro

Sau uku Mai Guduma ya tsaya a matakalar ofishin lauya kafin ya kai hawa na biyu, kowace tsayawa da tarin da ke neman fito masa da hanji. Shekara goma sha tara yana fasa dutse a kamfani ɗaya, abin da suka sallame shi da shi kuwa takarda ce mai cewa lafiyarsa ƙalau ya bar su.

Lauyar ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ta tura masa abin da kamfanin ya kai kotu: kwafin hoton ƙirji, an rubuta lambar aikinsa a kusurwa da baƙar tawada, da watan da ya bar aiki. Huhu garau, babu ko ɗigo. Ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa muddin alƙali ya yarda da hoton nan, babu diyya, babu mai ɗaukar nauyin maganinsa.

"Wannan ba ƙirjina ba ne," in ji shi, yana haki. "Ki nemo mini marar imanin da ya ara musu nasa."

Ta tambaye shi yadda ake duba su. Ya ce duk shekara wata mota take zuwa bakin ƙofa, a jera su, kowa ya tuɓe riga ya manna ƙirji a jikin ƙarfe. A ce ja numfashi, a ce wuce. Mai ɗaukar hoton ko kofin shayinsa ba ya ajiyewa. Ba kamar asibitin da ake tura sabon ɗauka ba, inda sai ka yini a benci kana jiran a wanke hoton. Su dai murna suke yi da motar, don rabin awa ce ta hutu daga ƙura.

Lauyar ta shiga bin gidajen abokan aikinsa da suka riga shi kamuwa. Mutum goma sha ɗaya tarin ya kwashe, kuma duk wadda ta je neman haƙƙin mijinta da hoto aka kore ta. Matar ɗaya daga cikinsu ta ciro nata daga ƙarƙashin katifa, tana cewa har yau kunyar surukanta take ji, don an sa su zargin cewa a gida mijin ya kwaso ciwon. Da aka jera hotunan a kan tebur, ko makaho ya shafa ya san abu ɗaya ne aka yi ta bugawa. Lamba kawai ake sauyawa.

Ran Mai Guduma ya ƙara ɓaci. Shi ya ɗauki gawar bakwai daga cikinsu a kafaɗarsa. A kan mai ƙirjin, ya fi zargin manaja, mai zama a ɗaki mai sanyi da tagogi a rufe, wani lokacin kuma akawu. A gida matarsa ta gaji da ce masa ya sassauta, tsinuwar tana tayar masa da tari. Ya rantse ko a gaban alƙali ne sai ya tofa wa mai ƙirjin nan yawu, ya tambaye shi yadda yake iya barci.

Kamfanin ya yi ta kwana-kwana har kotu ta tilasta masa ya fito da ainihin hoton. Da safe lauyar ta aika a kira Mai Guduma. Ta ce shari'a ta zo hannunsu, nasa da na matan duka, amma fuskarta ba ta mai murna ba ce. Ta ɗaga baƙar ledar hoton a taga, ta nuna masa wasu ƙananan lambobi a gefe, na kwanan wata da na katin wanda aka ɗauka, waɗanda injin hoton da kansa yake bugawa, kwafi kuma yake yankewa.

"Wane ne?" ya tambaya, ya dafa tebur zai miƙe.

"Zauna, Baba," ta ce a hankali. "Shekara goma sha tara ke nan da ɗaukarsa, a asibiti. Ƙirjinka ne, ranar da suka ɗauke ka aiki."