Kwanon Satalayit a Bayan Babur

Saura kwana goma sha biyu ɗaurin aurensu, Sagiru ya zo wajen Radiyya bayan la'asar, da sabon kwanon satalayit ɗaure a bayan babur ɗinsa. Tana shimfiɗa masa tabarma a zaure idonta ya sauka a kan kwanon, sai murmushinta ya ɗauke.

"Wannan fa, Malam?" ta tambaya. "Ai gidan da muka kama a nan Dutse akwai wayar kebul har falo. Kai da bakinka ka ce ta ishe mu."

Sagiru ya sunkuyar da kai yana juya makullin babur a hannunsa.

"Wayar kebul ba ta kaiwa Aujara," ya ce a hankali.

Aujara garin su Sagiru ne, can mahaifinsa yake da makarantar allo. Ita kuwa wata uku ke nan da samun aikin jinya a Dutse.

"Idon Baba ya yi rauni, Radiyya. Ya ce in dawo gida in riƙe makarantar. Na sayo wannan ne don kada kaɗaici ya dame ki. Mai shagon ya tabbatar min zai kama tas a can."

Ta kalle shi, idanunta sun ciko.

"Wato har ka tambayi mai shago ko kwano zai zauna a Aujara," ta ce. "Ni ce dai ba ka tambaya ba."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta naɗe tabarmar da bai kai ga zama a kanta ba, ta shige gida.