Bututun Dama

Matar ta dafe mararta da hannu biyu, ta lanƙwashe a kan gadon har gwiwoyinta suka kusa taɓa haɓarta.

"'Yar nan, yi wani abu. Zan tafi."

Ɗalibar ta ja labule, ta wanke hannu, ta gaishe ta da wata siririyar murya da ita kanta ba ta san tana da ita ba. Shekararta ta ƙarshe ke nan a makarantar ungozoma. A kusurwar ɗakin babbar nas na tsaye, wadda ɗalibai ke kira Ba-Dariya, ta rungume allon rubutu a ƙirji. Tun farkon mako ta gaya mata a fili: sau biyu ta tsaya gaban gado harshenta ya maƙale, in ta yi na uku ta haɗa kayanta ta koma gida.

Ba ilimi ne ya yi mata ƙaranci ba. Ido rufe za ta zana mahaifa, da bututu biyu sun miƙe dama da hagu, kowanne da 'yan yatsu a bakinsa yana jiran ƙwan da za a saki sau ɗaya a wata. Ta san a cikin bututun ne ƙwai ke gamuwa da maniyyi, ya yi kwanaki yana gangarawa kafin ya sami wurin zama a mahaifa. Matsalarta ɗaya ce. A gidansu ba a kallon idon babba a tambaye shi abin da ke ƙasa da cibiya. Matar nan kuwa ta kai sa'ar ƙanwar uwarta.

"Anti, ina ne ke ciwo?"

"Nan, dama. Jiya na ci yaji, ƙila shi ne. Ba ni ɗan magani in tafi, aiki na jira na."

Ta kama hannunta don ta ji bugun jini. Hannu ne mai kaushi, yana ƙamshin sabulu.

"Awon jini casa'in bisa sittin," in ji Ba-Dariya, ba tare da ta matso ba.

Ɗalibar ta saci kallon agogon bango. Minti uku sun tafi. Ta tambayi amai, ta tambayi zazzaɓi, ta tambayi gudawa. Ta zagaya ta sake zagayawa, kamar mai neman ƙofa a gidan da ta sani. Alƙalamin Ba-Dariya bai motsa ba.

"Tamanin bisa hamsin. Zuciya na gudu, ɗari da ashirin."

Matar ta mirgina, leɓenta fari fat. Sai ta saki marar, ta kama kafaɗarta ta dama.

"Yanzu kuma nan. Kamar ana soka min tsinke."

Ɗalibar ta bi hannun da kallo. Yaji ba ya hawa kafaɗa. Amma jinin da ya zuba ya taru a cikin ciki yakan taɓa tantanin da ke ƙarƙashin huhu, ciwon ya ɓullo can sama. Saura ta san daga ina jinin yake, kuma hanyar sani ɗaya ce.

"Anti, ki yi haƙuri. Yaushe rabonki da…"

"Da me? Da shan shayi?"

Gumi ya gangaro mata ta bayan kunne. Minti biyar da rabi. Ta ji idon Ba-Dariya a ƙeyarta. Ta tuna mahaifiyarta tana gaya wa maƙwabta cewa bana 'yarta za ta fito ungozoma. Ta ɗaga kai, ta kalli matar ido cikin ido.

"Da al'ada."

"Ke, ni sa'arki ce?"

"A'a, Anti. Amma sai kin gaya min."

Matar ta yi tsaki, ta juya fuska bango. "Makon jiya na gani."

Nan da yawa suke tsayawa su ce ba ciki. Ita ma saura kaɗan. Amma tunda bakin ya riga ya buɗe, sai ta bar shi ya ci gaba.

"Kamar yadda kika saba, ko ɗigo-ɗigo?"

"Ɗigo. Baƙi-baƙi."

"Kafin nan fa?"

"Ya kusa wata biyu."

"Kina tare da maigida?"

"To da wa zan kasance, da matashin kai? Ba ni ruwa in sha, mara kunya."

"Ko kurɓa ɗaya ba za ki sha ba." Ta juya ga babbar nas, kalmomin suna rige-rigen fita. "A gwada fitsari don ciki. A sa mata ruwa ta jijiya biyu, a ɗebi jini a nemo irin nata. A kira likita, a shirya ɗakin tiyata yanzu."

"Dalili?" in ji Ba-Dariya.

"Ƙwan bai kai mahaifa ba. Ya tsaya a bututun dama yana girma, bututun kuwa ba ya buɗewa kamar mahaifa. Ya fashe, jini na zuba a ciki. Wancan ɗigon ba al'ada ba ne."

Matar ta daina nishi, hannunta ya zame daga kafaɗa ya rataya a gefen gado.

Ƙararrawa ta kaɗa. Ba-Dariya ta dubi agogo, ta dubi ɗalibar, sannan ta ja dogon layi a takarda.

"Kin tsira. Da ƙyar."

Matar ta tashi zaune, ta gyara ɗankwali, ta ƙara shafa hoda a leɓe, ta leƙa taga ko bokitinta na nan inda ta bar shi. Mai sharar makarantar ce da aka sa ta kwaikwayi mara lafiya, kuma tun da aka fara jarrabawa da safe, wannan ne karo na goma sha ɗaya da bututunta na dama ya fashe.